Yadda Ake Rage Ciwon Ƙafa a Gida Bayan Wuni a Tsaye

Yayata tana sayar da atamfa a Kasuwar Barci da ke Tudun Wada. Tun hantsi har la'asar sakaliya a tsaye take, ta sauko da wannan turmi ta mayar da wancan. In ta dawo gida bayan magariba, sai ta zube kan tabarma tana riƙe da sha-raɓa, ko takalmi ba ta iya cirewa. Malaman makaranta da masu gadi da masu tuya a bakin titi duk sun san wannan ciwon. Ga yadda muke yi mata, kuma tana samun sauƙi.

Kafin ka ɗora ruwa a wuta, fara gane wane irin ciwo ne. Nan mutane suka fi yin kuskure. In gajiya ce, ƙafafu biyu sun yi nauyi, nama ya ɗaure, to ɗumi ake so. In kuwa targaɗe ne, ka taka ba daidai ba idon sawu ya kumbura, gashi da ruwan zafi ƙara kumburin zai yi. Sai ka naɗe ƙanƙara a tawul, ko ledar ruwa mai sanyi sosai, ka ɗora minti 15 zuwa 20, sau uku ko huɗu a rana, tsawon kwana biyu. Kada ƙanƙarar ta taɓa fata kai tsaye. Mai sikila kam ya guji wannan, domin sanyi yana tayar masa da ciwo.

Na gajiya, zuba ruwan ɗumi a bokiti ya kai rabin ƙwauri. Gwada shi da gwiwar hannu tukuna. Yayata takan watsa gishiri cikin tafin hannu ɗaya, ba na hana ta, amma a ganina ɗumin ne ke yin aikin, shi ke sa jini ya gudana nama ya saki. Minti 15 ya wadatar. Ka tsane ƙafar sosai, har tsakanin yatsu. Mai ciwon suga kada ya jiƙa ƙafa haka. Sau da yawa jijiyoyinsa ba sa jin zafi yadda ya kamata, zai iya ƙonewa bai sani ba, ciwon ƙafarsa kuma ba ya saurin warkewa.

Daga nan sai tausa. Ɗebi man kaɗanya kaɗan, murza shi a tafin hannu har ya narke, ka fara daga tafin ƙafa da babban yatsa, ka bi diddige, sannan ka riƙa shafa sha-raɓa daga ƙasa zuwa gwiwa, ba daga sama zuwa ƙasa ba, domin jinin da ya taru ya koma. A hankali, ba murɗa ba. Lokacin hunturu man yana taimaka wa masu faso ma.

Bayan tausa kwanta rigingine, ka jera matasai biyu ko uku ƙarƙashin ƙafafu su ɗan fi ƙirji tsawo, ko ka jingina su da bango minti 20. Ana nan a kwance sai a dafa shayin citta. Mu a Kaduna ba mu da uzuri, cittar Kachia ce ake lodi zuwa ƙasashen waje. Tana ɗan rage ciwon jiki, ba wai tana kawar da shi ba. Wanda likita ya ɗora a kan maganin tsinka jini ya tambaya kafin ya yawaita ta.

Akwai kuma ɗaurewar da ke tayar da mutum tsakar dare, sha-raɓa ta yi tauri kamar dutse. Kada ka lanƙwashe ƙafar. Miƙe ta, ka jawo yatsun zuwa wajen fuskarka, ka riƙe har ta saki. Don rage dawowarta, kafin barci dafa bango da hannu biyu, ka ja ƙafa ɗaya baya, diddige a ƙasa, ka tsaya daƙiƙa 30, sannan ka canza. Sha ruwa sosai, musamman a zafin Maris da Afrilu, kuma ka rabu da silifas ɗin da ya suɗe.

Abin da nake roƙo a riƙe shi ne wannan. In ƙafa ɗaya ce kawai ta kumbura, ta yi zafi da ja, musamman bayan haihuwa, tiyata ko doguwar tafiya a mota, kada a taɓa ta da tausa. Zai iya zama gudan jini, kuma matsa shi na iya tura shi huhu. A tafi asibiti a ranar, Barau Dikko ne ko wanda ya fi kusa. Haka mai ciki da ƙafafunta suka kumbura tare da ciwon kai ko dishi-dishin gani, da wanda ƙafarsa ta yi sanyi ta canza launi, da wanda ba ya iya takawa bayan faɗuwa. Shi wannan na ƙarshe a fara ɗaukar hoton ƙashi kafin a nemi mai ɗori.