Sabbin jitocin lantarki sun fito: kurakuran da masu saye suka fi yi

Duk lokacin da wani babban kamfanin jita ya fitar da sabon jerin jitocin lantarki, galibi a daidai baje kolin kayan kiɗa na NAMM da ake yi a Anaheim ta jihar Kalifoniya, sai hotuna masu ƙyalli su cika intanet. A jera su daga mai araha zuwa mai tsada, kowacce da dogon bayanin kayan da aka haɗa ta da su. Mai sha'awa ya zauna yana lissafi yana haɗiyar yawu, kuma tun daga wannan zama ake fara yin kuskure.

Na farko, kuma shi ya fi cin kuɗin mutane, shi ne ɗaukar cewa yadda farashi ke hawa haka daɗin sauti ke hawa. Manyan kamfanonin nan hawa-hawa suke kasa kayansu. Fender na da Squier a ƙasa, wadda ake ƙerawa a China da Indonesiya, sai ta tsakiya da ke fitowa daga masana'antar Ensenada a Meziko, sai ta sama daga Corona a Amurka. Gibson na ƙera tata a Nashville, kuma tun 1957 ta sayi Epiphone, wadda a yau ita ce mai sauƙin kuɗinta. PRS ma haka: akwai ta Maryland, akwai jerin SE da ake yi a Asiya. A duk waɗannan wurare injin da kwamfuta ke sarrafawa ne ke yanka gangar jikin jita da wuyanta, kuma inji bai san ƙasar da aka girke shi ba. To me ake biya idan kuɗi ya ninka sau uku? Albashin ma'aikacin ƙasar da aka yi aikin, sa'o'in da wani ya ɓata yana goge sandunan ƙarfen da ke kan wuya har su yi sumul, irin fenti, ingancin ƙananan ƙarafa, akwati, da kuma sunan da ke rubuce a ka. Waɗannan duk abubuwa ne na gaske, ba yaudara ba ce. Amma tazarar da ke tsakanin ta ƙasa da ta tsakiya ta fi fitowa fili a hannu da kunne, ta tsakiya zuwa ta sama kuwa sai wanda ya daɗe yana kaɗawa ke jin ta. Gyaran wannan kuskure ba wuya: ka sa wani ya miƙo maka jitoci uku ɗaya bayan ɗaya, a amfilifaya ɗaya, wato na'urar da ke ƙara ƙarfin sauti, idonka a rufe. Wadda hannunka ya ƙi saki, sai ka buɗe ido ka ga kuɗinta.

Na biyu shi ne ruɗuwa da kalmar "sabuwa". Siffar Telecaster ta Fender tun farkon shekarun 1950 take, Les Paul ta Gibson ta fito a 1952, Stratocaster ta Fender a 1954. Abin da ake kira sabon jeri sau da yawa tsohon jeri ne da aka sauya wa launi, aka ɗan taɓa naɗin wayar fikof, wato abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya, aka rage kaifin gefen wuya. Wani lokaci ma sauyin ba daga ɗakin masu zane ya fito ba, doka ce ta tilasta shi. A 2017 yarjejeniyar CITES, mai kare dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, ta tsaurara fataucin katakon rosewood tsakanin ƙasashe, sai Fender ta koma amfani da wani katako mai suna pau ferro a jitocinta na Meziko. A ƙarshen 2019 aka sassauta wa kayan kiɗa dokar, kuma da jerin Player II ya fito a 2024, dawowar rosewood na cikin abubuwan da aka yi ta talla da su. Wato abin da aka saba da shi tun fil azal ne ya dawo da sunan sabo. Kafin ka biya, ka ɗora bayanin ta bara kusa da na ta bana, ka ja layi ƙarƙashin abin da ya bambanta. Idan launi ne kawai da abu ɗaya ko biyu, ka nemi ta bara, domin da zarar sabuwa ta shigo dillalai kan yi rangwame su rabu da ragowar tsohuwa.

Sai kuskuren da na fi jin takaicinsa: mutum ya zuba duk abin da ya tara a jita, ya haɗa ta da amfilifaya mafi arha da ya samu. Jitar lantarki ita kaɗai kusan bebiya ce. Sautin da kake ji a waƙa daga lasifika yake fitowa, kuma amfilifaya da lasifikarta sun fi katakon jita tasiri a kansa nesa ba kusa ba. Jita matsakaiciya a amfilifaya mai kyau tana daɗin ji, mai tsada kuwa a marar kyau sai ta riƙa kuka kamar ƙudan zuma a gwangwani. Ka raba kuɗinka tun kafin ka fara duba hotuna, ka ware na amfilifaya da waya da na'urar saitin muryar tsirkiya da maɗauri, abin da ya rage shi ne kuɗin jita.

Batun katako kuwa, an daɗe ana musu a kansa kuma ba ni zan raba gardamar ba. Abin da babu musu a kai shi ne fikof, wato maganaɗisun da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, wanda ke ƙarƙashin tsirkiyoyi yana mayar da kaɗawarsu ta zama lantarki. Iri biyu ne suka fi yawa. Mai naɗi ɗaya, irin na Stratocaster, sautinsa siriri ne mai haske, amma yana kwaso gunjin wutar lantarki, musamman kusa da fitilu da kwamfuta. Mai naɗi biyu, wanda Seth Lover ya ƙirƙiro wa Gibson kuma ya fara hawa kan Les Paul a 1957, an haɗa naɗinsa ne yadda ɗaya zai kashe gunjin ɗaya, sautinsa kuma ya fi kauri. Mutane kan sayi mai naɗi ɗaya saboda kyan siffarta, su je gida su ƙure murya, su ji "zzzz", su ce an sayar musu da lalatacciya. Ba ta lalace ba, halinta ke nan. Idan ba ka tsai da irin kiɗan da za ka yi ba, akwai masu haɗa iri biyun a jiki ɗaya, kamar yawancin Pacifica ta Yamaha.

Akwai lambobi uku a cikin bayanin jita da masu saye ke tsallakewa, alhali su ne hannu zai yi ta fama da su kullum. Tsawon tsirkiya daga kan jita zuwa jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke zaune a kansa a gangar jiki: na Fender inci 25.5 ne, na Gibson 24.75, yawancin na PRS 25. Idan kaurin tsirkiya ɗaya ne, mai tsawo ta fi tauri a yatsa, kuma tazarar sandunanta ta fi faɗi. Sai lanƙwasar fuskar wuya: tsofaffin Fender inci 7.25, na zamani 9.5, Gibson 12, kuma girman lamba na nufin fuskar ta fi shimfiɗuwa. Na uku nauyi. Les Paul na iya haura kilo 4, abin da ba za ka ji a hoto ba sai ka rataye ta a kafaɗa sa'a biyu. Saye ba tare da ka riƙe irinta ba cinikin biri a sama ne. In dole ta intanet za ka saya, ka tabbata akwai damar mayarwa, ka kuma tambayi nauyin wadda za a aiko maka ɗin, domin jitoci biyu masu suna ɗaya kan bambanta.

Ni kaina na taɓa yin kuskure na gaba. Wata jita ta iso mini a kwali, na buɗe da ɗoki, na goga hannu a gefen wuya sai na ji bakin sandunan na kartar yatsa kamar zarto. Tsirkiyoyin kuma sun yi sama, danna su sai da ƙarfi. Na yi kwana biyu ina ƙorafi ina shirin mayarwa, sai wani mai gyara ya karɓa ya ɗora ta a tebur. Ya kalli wuyan ta tsawo da ido ɗaya, ya sa ɗan makulli ya juya sandar ƙarfen da ke cikin wuya rubu'in zagaye, ya sauke jaki, ya bi bakin sandunan da ƙaramin magagari. Katako ne ya tsuke a hanya saboda bushewar iska, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa tare da shi. Ko sa'a ba a yi ba jitar ta zama wata daban. Har yau ita nake fara ɗauka. Kusan kowace sabuwar jita, mai tsada ko mai araha, tana bukatar wannan saitin, don haka a sa kuɗinsa cikin lissafi. Gwaji ɗaya da kowa zai iya: kaɗa tsirkiya a sake, sannan ka danne ta a sanda ta 12. Na'urar saiti ta nuna murya ɗaya. In ta yi sama ko ƙasa, a jaki ake gyarawa, ba dalilin mayar da jita ba ne. Abin da ake mayarwa a kai shi ne wuyan da ya murɗe, ko tsaga a inda wuya ya haɗu da kai.

Wanda ke koyo ya guji jaki mai lilo irin na Floyd Rose, komai burgewarsa. Tsirkiya ɗaya ta tsinke, sauran biyar duk sun fita daga saiti, canza su kuma aikin yini ne ga wanda bai saba ba.

Sai masu saye da sunan ajiye dukiya, musamman in an rubuta cewa 'yan kaɗan aka ƙera. Kowa ya ji labarin Les Paul Standard ta 1958 zuwa 1960 da ake sayarwa da kuɗin gida. Abin da ake mantawa shi ne ba ta yi kasuwa a zamaninta ba, shi ya sa aka daina yin ta, aka kawo siffar da ta zama jitar SG a 1961. Ƙarancinta ba shiri ba ne, tarihi ne ya kawo shi. Wadda aka ƙera a bana don masu tarawa kuwa, dubban mutane ne za su adana tasu a akwati ba ko ƙwarzane. Yawancin sabbin jitoci darajarsu na sauka ne da zarar sun bar kanti, abin da ke yi wa mai neman ta hannu daɗi. Shekara ɗaya bayan fitowar kowane jeri za ka tarar da su a kasuwar kayan hannu, wasu ko ledar da ke kan murfin fikof ba a ɓare ba.

In ka zo kwatanta farashi, ka lura akwai wanda kamfani ya rubuta, akwai wanda ake sayarwa a zahiri, kuma na biyun ne abin dubawa. Ka tambaya ko da jaka ko akwati take zuwa, domin masu araha sau da yawa a kwali kawai suke. Ka ƙara kuɗin aike da haraji in daga wata ƙasa za ta fito, sannan ka karanta takardar garanti ka ga ko tana aiki a ƙasar da kake, domin wasu kamfanoni a ƙasar da aka sayi jitar kaɗai suke karɓar ta.