"Ai na faɗa musu": kurakuran da shugabanni suka fi yi wajen isar da magana

A ma'aikata ko ƙungiya, yawancin aikin da ya lalace za ka tarar shugaba yana rantsuwa cewa ya faɗa. Gaskiyarsa, ya faɗa. Abin da bai bincika ba shi ne yadda aka ji.

Kuskure na farko shi ne ɗaukar "to" a matsayin amincewa. A Damagaram ƙarami ba ya ce wa babba "ban gane ba" kai tsaye, balle "ba zai yiwu ba". Zai sunkuyar da kai ya ce "to, ranka ya daɗe", ya fita da shakkarsa. Wannan ladabi ne, ba alkawari ba. Tambayar "ka gane?" ba ta da amfani, amsarta ɗaya ce kullum. Ka ce masa: "Malam, gobe da me za ka fara?" Idan ya maimaita aikin da bakinsa, nan take za ka ji inda maganar ta karkace. Duk umarni kuma ya ƙunshi abu huɗu: wane aiki, wa zai yi, yaushe, da nawa.

Wannan "da nawa" ɗin ma tarko ne. Mutumin biro yana lissafi da faran, mutumin kasuwa yana lissafi da dala, dala ɗaya kuwa faran 5 ce. Idan shugaba ya ce a sayo kaya na "dubu goma" yana nufin 10.000 F, wanda ya saba ciniki a kasuwar Dole zai iya jin 50.000 F. A ce jika goma, a kuma rubuta adadin a takarda. Haka lokaci: "bayan la'asar" ya ɗauko daga ƙarfe huɗu har gab da magariba. A faɗi ƙarfe.

Sai takardar sanarwa da ake rubutawa da Faransanci a manna a bango, shugaba ya ɗauka ya gama. Maigadi, direba da mai shara, waɗanda sau da yawa su ne za su aiwatar, ƙila ba su karanta ta. Kundin tafiyar da ƙasa da aka ƙaddamar a Nijar a 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki, amma takardun biro ba su sauya dare ɗaya ba. A bar takardar don shaida, a sa mutum ɗaya ya bayyana ta da Hausa a gaban kowa. In aikin ya kai yankin Gure ko Tanut, a nemi mai jin Barbarci, Fulatanci ko Buzanci, kada a ɗauka Hausar kasuwa ta isa bayanin yarjejeniya.

Saƙon murya na WhatsApp ya zama annoba. Shugaba ya danna ya yi minti shida, gaisuwa ta cinye ɗaya, umarni biyar sun cakuɗe a sauran. Wakilin da ke ƙauyen Magarya sai ya hau tudu kafin ya samu rezo, ya saurara sau ɗaya, ya riƙe na farko da na ƙarshe. Saƙo ɗaya, magana ɗaya, kada ya wuce minti guda. Adadi, suna da ranar wata a rubuta su, don ba a iya laluben lamba cikin murya. Abin gaggawa kuwa kira ake yi.

Taro ma ana ɓata shi ta hanya biyu. Shugaba ya fara faɗin ra'ayinsa, daga nan ba mai saɓa masa, sauran awa biyun amin ce kawai. Ya kamata ya kawo matsalar, ya fara jin ƙanana da mata, waɗanda galibi sai an kira sunansu suke magana, shi ya zo a ƙarshe. Hanya ta biyu ita ce watsewa ba rubutu. Minti biyar na ƙarshe sakatare ya karanto abin da aka yanke, da sunan mai yi da ranar gamawa, a tura wa kowa kafin dare. Taro na gaba da wannan takardar ake buɗe shi.

Faɗa a gaban jama'a ba ya gyara kowa. Wanda aka kunyata, musamman in ya girme ka, zai daina kawo maka labari, kuma na kusa da shi za su koya. A kira shi gefe, a ambaci aikin da ranar da ya faru, a bar halinsa da danginsa.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne shiru kan mummunan labari. Albashi zai makara, ko mai ba da tallafi ya janye, shugaba ya kulle bakinsa yana jiran ya samo mafita tukuna. Kafin nan maganar ta riga ta zaga wajen shan shayi, ta ƙaru da cewa an ci kuɗin. A tara mutane tun ranar da abin ya tabbata, a faɗi abin da aka sani da abin da ake jira, a sa ranar ƙarin bayani. Ranar ta zo, ko ba sabon labari, a fito a ce babu, a sa wata.