Yadda Ake Neman Hukuncin Riƙon Yara a Kotun Shari'a Bayan Saki

Idan aure ya mutu, sulhun dangi kuma ya ci tura a kan wanda zai riƙe yara, sai a nufi kotun shari'ar Musulunci ta yankin da ake zaune. Alƙalan waɗannan kotuna a arewacin Najeriya suna hukunci ne da mazhabar Malikiyya, wadda ta ba uwa fifiko a hadana, wato riƙon yaro da renonsa: namiji har ya balaga, mace kuwa har ta yi aure ta tare. Ci da sha da sutura da magani suna nan a wuyan uba, ko da yaran suna gidan kakanninsu na wajen uwa.

Mai ƙara, wadda galibi uwa ce, za ta shigar da ƙara a wurin rajistara, ta biya kuɗin sammaci, ta karɓi rasit. Ranar zama ta zo da takardar saki, da takardun haihuwar yaran, da rasit ɗin makaranta da na asibiti, tare da shaidun da suka san halin da yaran suke ciki. Uba kuma ya sani cewa sabon auren tsohuwar matarsa ba ya mayar masa da yara kai tsaye, domin idan ta auri wanda ba muharramin yaran ba, riƙo yana komawa ga mahaifiyarta ne, sannan 'yar'uwarta, kafin ya iso ɓangaren uba.

Inda na fi so a natsu shi ne lafazin hukuncin. Hukuncin da ya ce uba ya riƙa ciyarwa gwargwadon hali, ya tsaya nan, rigima ce aka ɗage zuwa gaba. A roƙi alƙali ya ambaci adadin kuɗin, da ranar biya a kowane wata, da hanyar biya, ko ta asusun banki ko ta hannun kotu, domin a samu shaida. A fayyace wanda zai biya kuɗin makaranta kowane zango, da wanda zai yi ɗinkin sallah. Haka nan ziyara: wace rana, ƙarfe nawa, wa zai ɗauko, wa zai mayar, kuma ina za a yi dogon hutu. Yaron da aka yi wa wanka tun safe, aka zuba masa kaya a leda, ya wuni a zaure yana leƙen hanya ba wanda ya zo, shi ne yake biyan bashin kalmar da ba a rubuta ba.

Bayan yanke hukunci a nemi kwafinsa mai hatimin kotu a adana. Idan wani ya saɓa, kotun da ta yi hukuncin za a koma wa, kada a je Islamiyya a ɗauke yaro da ƙarfi, domin hakan yana firgita shi, yana kuma raunana hujjar wanda ya yi. Idan tsadar rayuwa ta cinye kuɗin ciyarwar, ana iya neman alƙali ya sake duba adadin.

Wanda bai gamsu ba yana da damar ɗaukaka ƙara, har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba hurumin sauraron irin wannan batu. Ɗaukaka ƙara tana da wa'adi, saboda haka a tambayi rajistara tun ranar hukunci. Wadda ba ta da halin ɗaukar lauya tana iya neman taimakon ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA a jiharta.