Kafin ka jingine Mustang ɗinka zuwa watan Afrilu

Duk shekara sai na ga haka. Yaro ya sauka Winnipeg ta ƙasar Kanada a watan Mayu, rana ta fito, gari ya yi kore, ya samu aiki, kafin Agusta ya karɓi bashi ya sayi Mustang ko Camaro, ya ɗauki hoto ya tura gida. Ba na ganin laifinsa, ni ma na yi. Sai dai ƙanena, motar nan da tayoyin baya take ja, ga ta ƙasa-ƙasa, kuma robar tayar bazara tana fara sandarewa da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7. Garin nan kuwa a Janairu yana kaiwa digiri 30 ƙasa da sifiri. Ko ka saya mata tayoyin hunturu, ko ka ajiye ta tun ƙarshen Oktoba. Yawancinmu ajiyewa muke yi.

Shirya motar ba wuya. Wanke ta har ƙarƙashi, canza baƙin mai, cika tanki ka zuba maganin da ke hana fetur lalacewa, ka ɗan zaga da ita ya gauraya. Ƙara wa tayoyi iska kaɗan. Kada ka ja birkin hannu, yakan manne. Sa katako a bayan taya. Toshe bakin salansa da soson ƙarfe saboda ɓera, don ɓeran nan ba ya jin kunyar cin wayoyin mota. Ka rufe ta da mayafi mai shan iska, ban da leda ko tamfol. Batir kuma ko ka cire ka shigar da shi ɗaki, ko ka jona masa ƙaramar cajar nan da ake bari a soket. Masu zuwa duk Asabar su tayar da inji minti biyar "don kada ya yi sanyi", ruwa kawai kuke tara wa salansa da mai. A cikin rufaffen gareji ma hayaƙin kisa yake yi.

Inda na sha wuya shi ne wurin ajiya da takarda.

A Manitoba, lardin da Winnipeg take, inshorar mota ta dole a hannun hukumar gwamnati take, wato Manitoba Public Insurance, inshorar kuma ana kiranta Autopac. Suna da tsarin ajiya da suke kira lay-up: kuɗi kaɗan, yana kare ka daga gobara, sata da ɓarnar 'yan iska, amma sharaɗinsa motar ba ta hawa titi. Wani ya ba ni shawara na koma wannan tsarin, kuma shawara ce mai kyau. Wautata a gaba take.

Na samu wani mai gida a wata unguwa yana da gareji a bayan gida. Mutum mai fara'a, har kofi ya ba ni. Muka yi ciniki da baki, na ƙirga masa kuɗin wata shida a hannu, ba rasit, ba takarda. A raina na ce ai mutunci ya fi takarda, kamar ina hayar shago a wurin abokin babana. Na jona caja a soket ɗinsa, na rufe mota, na tafi ina jin daɗi.

Tsakiyar Janairu sai ga saƙo: ya sayar da gida, in kwashe motata kafin Juma'a. Na je na tarar tun Nuwamba ya kashe wutar garejin, wai kuɗin lantarki ya yi yawa. Batir ya mutu, kuma batirin da ya sauka shi ne ke daskarewa. Nawa ya kumbura har gefensa ya tsage. Ko da ta tashi ma ba ni da ikon tuƙa ta, tunda takardarta ta ajiya ce. A bakin titi kuma ba a barin irinta, balle idan an sanar da dokar hunturu, manyan hanyoyin da ake share ƙanƙara ba a fakin a kansu daga ƙarfe 2 zuwa 7 na asuba, janwe ne zai ɗauke ta. Na tsaya a lungun nan gashin hancina ya daskare, ina kiran mai janwe mai shimfiɗa, don motar ta yi ƙasa da yawa a ja ta da ƙugiya. Na tambayi mutumin ragowar kuɗina na wata uku. Ya dube ni ya ce, wane kuɗi?

Wani dattijonmu ne ya rufa min asiri. Waya ɗaya na yi, ya ce, "Kawo ta, Malam, sai mu matsar da injin yankan ciyawa." Ko sisi bai karɓa ba, har tuwo aka aiko min cikin kula. Jama'armu a nan ba ta barin nata a titi, wannan kam na shaida. Amma garejin Alhaji ɗaya ne, ku kuma bana kun kai ku shida.

Saboda haka ka rubuta. Takarda ɗaya ta isa: daga yaushe zuwa yaushe, nawa ne, wa ke biyan wuta, za a bar soket a kunne, kana da makulli ko sai ya ga dama, kwana nawa zai ba ka idan yana son wurinsa. Ku sa hannu ku biyu. Biya ta banki wata-wata, kada ka zube duka. Idan shi ma ɗan haya ne, ka tabbata mai gidan ya sani. Ka ɗauki hoton motar ta kowane gefe ranar da ka ajiye, ka riƙa leƙawa ko sau ɗaya a wata ka ga fitilar caja na ci.

Kuma kada ka yi ɗokin fito da ita ranar farko da rana ta haska a Maris. Titi cike yake da yashi da gishiri da ramuka. Jira Afrilu a share hanya, ka je a mayar da inshorar tuƙi tukuna, ka sauke iskar taya. Soson ƙarfen nan na salansa, manna takarda a sitiyari ta tuna maka da shi. Bara wani yaro ya kira ni hankali tashe wai injinsa na tari.