Babi na 7: Yadda Ake Sa wa Hoto Inuwar Ruwa a Kwamfuta

Darasi na 1: Abin da za mu yi

'Yan'uwa masu koyo, sannunku da ƙoƙari. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin tafki ya ga yadda itace ke fitowa cikin ruwa a kife, kansa a ƙasa, gindinsa a sama. Wannan ita ce inuwar ruwa, ita za mu sa wa hoto yau. Ba mu ne za mu zana ta ba. Kwamfuta ce za ta kwafi hoton da kanta, ta kife shi, ta ajiye ƙarƙashin na asali, sannan ta sa ya riƙa dushewa har ya ɓace. Manhajar PowerPoint ta iya wannan aiki tun fitowar ta 2007, da ita za mu koya.

Darasi na 2: A taɓa hoton tukuna

Ku buɗe PowerPoint, ku saka hoto ɗaya a shafin. Wanda bai tuna yadda ake sakawa ba ya koma babi na 6, babu kunya a ciki.

Yanzu ku natsu, domin a nan kusan kowa ke tuntuɓe. Kafin ku nemi komai a saman allo, ku kai kibiyar linzami tsakiyar hoton, ku danna maɓallin hagu sau ɗaya. Sau ɗaya kawai, ku ɗaga yatsa. Me kuka gani? Ƙananan ɗigogi guda 8 sun kewaye hoton, 4 a kusurwoyi, 4 a tsakiyar gefuna. Ku ƙirga su da yatsa. Waɗannan ɗigogi su ne shaidar cewa kwamfuta ta san wane hoto kuke nufi.

In babu ɗigogi, hoton bai zaɓu ba. In hoton bai zaɓu ba, kalmomin da za mu nema ba za su fito ba sam, ko da kun kwana kuna nema. Na sha ganin dattijo ya zura wa allo ido har ya yi gumi, yana cewa tasa kwamfutar ce ta lalace, alhali hoton ne bai taɓa ba. Lafiyarta lau.

Mu gwada. Ku danna farin wuri a gefen hoton. Ɗigogin sun ɓace ko? Ku sake danna hoton. Sun dawo. Ku yi haka sau 5, kuna faɗa da baki: na danna, ga ɗigogi. Madalla. Sannu ba ta hana zuwa.

Da ɗigogin sun bayyana, ku dubi layin rubutu na sama. Wasu kalmomin Turanci sun ƙaru, Picture Format, a tsohuwar manhaja kuma Format kaɗai. Ba sai kun iya Turanci ba, ku riƙe surar haruffan. Ku danna. Sai ku nemi Picture Effects ku danna, sai Reflection, wato inuwar da muke nema. Za ku ga samfuri 9, layi 3, kowane layi guda 3. Akwai gajeriyar inuwa, da rabi, da cikakkiya. Ku zaɓi na farko, wanda inuwarsa ke manne da hoton. Ga ta nan ta fito.

Ba ta fito ba? Ku dubi hoton. Akwai ɗigogi? Na san amsar. Hannu ya zame kun danna farin wuri a kan hanya. Ku koma ku taɓa hoton.

Gaskiya zan faɗa, akwai masu tsallake wannan mataki duk mako, su kuma zo suna ƙorafi. Haba jama'a! Dannawa ɗaya ce. Wanda ya yi gaggawa zai yi aikin sau biyu, kuma ya ɓata lokacin na kusa da shi. A taɓa hoto, a ga ɗigogi 8, sannan a tafi sama.

Darasi na 3: Kifewa daban, juyawa daban

Wasu za su so su yi da hannu. Ku kwafi hoton, ku taɓa kwafin har ɗigogi su fito, ku shiga Rotate da ke cikin Picture Format, ku zaɓi Flip Vertical, sannan ku ja kwafin ƙarƙashin na asali. Wannan shi ne kifewa: sama ta koma ƙasa, amma dama tana dama, hagu yana hagu. Kada ku kama 'yar lanƙwasasshiyar kibiyar nan da ke bisa hoton ku murza. Murzawa na mai da dama hagu, ruwa kuwa ba ya haka. Ku gwada da hoton mutumin da ya ɗaga hannu ɗaya: hannun inuwa dole ya zauna daidai ƙarƙashin hannun na asali.

Darasi na 4: Gyara

A ƙasan samfuran nan 9 akwai Reflection Options. Ma'auni 4 ne a ciki: dushewa, tsawo, hazo, da tazara tsakanin hoto da inuwarsa. Ku ja ɗaya ɗaya ku ga abin da ya canza. Kada hazo ya yi yawa, yana ɓata aikin.

Darasi na 5: Adanawa

Ku danna hoton da maɓallin dama, ku zaɓi Save as Picture. A wurin zaɓar nau'in fayil ɗin hoto, ku zaɓi PNG, domin shi ke barin bayan inuwa garau. JPEG ba ya yi.

Aikin gida: hotuna 3, kowanne da samfuri daban. A zo da su.