Yadda Birnin Gaɓar Teku Zai Hana Ruwan Sama Kai Ƙazanta Cikin Teku

Ruwan saman da ya sauka a daji yakan nutse cikin ƙasa, saiwoyi su riƙe shi, ya isa rafi a hankali bayan ƙasa ta tace shi. A birni kuwa kwalta da siminti da rufin gidaje ne ke tarbarsa, don haka sai ya malala ya kwashi duk abin da ya tarar a kan titi: baƙin man da ya ɗiga daga motoci, ƙurar tayoyi, leda, guntayen sigari, takin zamani, kashin dabbobi da lakar wuraren gini. Yawansa ma ba abin rainawa ba ne, domin ruwa milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne, ke nan ruwan milimita 25 a kan filin ajiye motoci mai faɗin hekta 1 ya kai lita 250,000. Birnin da ya jira wannan ruwa ya iso bakin teku kafin ya tare shi ya makara, saboda haka mafi yawan aikin can sama ake yin sa, inda ruwan ke sauka.

A fara da sanin magudanun da ake da su. A wasu birane magudanar ruwan sama daban take da bututun ƙazantar bayan gida, kuma kai tsaye take zubawa a teku ba tare da an tace komai ba, abin da mazauna da dama ba su sani ba. A tsofaffin birane kuwa bututu ɗaya ne ke ɗaukar duka biyun, idan ruwa ya yi ƙarfi sai ya cika ya amayar da najasa a kogi. Wannan ne ya sa Landan, wadda ta gaji manyan magudanunta daga shekarun 1860, ta haƙa rami mai tsawon kilomita 25 a ƙarƙashin kogin Tems domin adana wannan ambaliya har a samu damar tace ta. Ko wane iri ne ake da shi, a zana taswirar kowace mafita da ke zuba a teku, a ba ta lamba, sannan a zagaya su lokacin da aka kwana biyu ba a yi ruwa ba. Mafitar da aka samu tana zubar da ruwa a irin wannan lokaci, to wani ya jona mata bututun bayan gida ko na wanki. Ana gano mai shi ta hanyar bin magudanar baya, ana buɗe murafe ɗaya bayan ɗaya, sannan a zuba rini marar illa a makewayin ginin da ake zargi a ga ko launin zai ɓulla.

Daga nan sai a rage abin da ruwan zai tarar. A share tituna a yashe magudanu gab da saukar damina, domin ruwan farko bayan dogon rani shi ya fi kowane datti. A tilasta wa masu gine-gine rufe tarin yashi da kafa shingen tare laka, a kuma samar wa kanikawa wurin miƙa baƙin mai, tun da hana su zubarwa ba tare da nuna musu inda za su kai ba ɓata baki ne kawai.

Mataki mafi amfani shi ne mayar wa ƙasa aikinta na tacewa. A gefen titi ana haƙa kwari marar zurfi, kimanin santimita 15 zuwa 30 ƙasa da titin, a yanke bakin dakalin titin yadda ruwa zai shiga da kansa. A ƙasansa a shimfiɗa tsakuwa da bututu mai huda-huda, a samansa cakuɗin yashi da takin gargajiya, sannan a dasa tsirran da ke jure jiƙa da fari duka. Wajibi ne ruwan ya tsotse cikin kwana biyu don kada sauro ya samu wurin hayayyafa, a kuma bar masa mafita ta sama saboda ruwa mai ƙarfi. Wanda ya ɗauki wannan a matsayin ado kawai, ya dubi abin da ya faru a yankin Siyatil na Amurka. Shekaru da yawa kifin salmon nau'in koho yana mutuwa a rafukan birni bayan an yi ruwa, sai a 2020 masu bincike suka gano cewa wani sinadari ne da ke fitowa daga tayoyin mota yake kashe shi, kuma gwaji ya nuna cewa ruwan titin da aka bi da shi ta irin wannan cakuɗin ƙasa ba ya kashe kifin. Sai dai a gaɓar teku ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan kasance kusa, don haka a haƙa rami a gwada saurin tsotsewa tukuna, kuma a kusa da gidan mai ko masana'anta a shimfiɗa roba a ƙasan kwarin domin kada guba ta sauka cikin rijiyoyi. Tankin da aka tara a bakin indararo da daɓe mai barin ruwa ya ratsa suna taimakawa, in dai ana tsabtace daɓen, domin ƙura na toshe shi.

A bakin mafita ake kafa kariya ta ƙarshe. Raga da shinge mai iyo suna kama leda da kwalabe, kamar injin da aka girka a birnin Baltimo na Amurka a 2014, wanda ƙarfin kogi da hasken rana ke juyawa yana kwashe shara kafin ta bazu a tashar jiragen ruwa. Amma raga abin da ido ke gani kaɗai take kamawa, mai da ƙwayoyin cuta wucewa suke yi, shi ya sa Santa Monika, wani birni a jihar Kalifoniya ta Amurka, take karkatar da ɗan ruwan da ke bin magudanu lokacin rani zuwa matata, ta sake amfani da shi wajen ban ruwan lambuna.

A riƙa ɗiban ruwan gaɓa a kai a kai ana auna ƙwayoyin cutar da ke nuna najasa, a kuma bayyana wa jama'a sakamakon. Hukumar lafiya ta gundumar Los Anjalas takan shawarci mutane su guji shiga teku na tsawon awa 72 bayan an yi ruwa. Idan sakamakon wata mafita ya yi muni, a tuna ruwa ba ya tsami banza, a koma kan taswira a bi sawu.

Saura batun kuɗi, wanda a nan ne shirye-shirye da yawa ke mutuwa, domin gina kwarin tacewa ya fi sauƙi a kan biyan wanda zai kwashe lakarsa kowace shekara. A 2018 masu zaɓe a gundumar Los Anjalas sun amince da harajin santi 2.5 na dalar Amurka a kan kowane murabba'in ƙafa na filin da ruwa ba ya ratsawa, wato wanda ya fi shafe filinsa da siminti shi ya fi biya. Duk tsarin da aka zaɓa, a ware kason yashewa da gyara tun a kasafin farko, a kuma rubuta sunan sashen da alhakin kowane kwari da kowace raga ke wuyansa.