Yadda Makaɗan Goge Huɗu Ke Shirya Rangadin Ƙasashen Waje

Rukunin da Turawa ke kira kwatet mutum huɗu ne: biyolin biyu (ƙaramin gogen Turawa da ake ɗorawa a kafaɗa), biyola ɗaya (ta ɗan fi biyolin girma), sai celo, babban gogen da ake kafawa a ƙasa tsakanin gwiwoyi. Babu mai tsayawa gabansu da sanda, kunne da ido ke haɗa su. Haka tsarin yake tun zamanin Joseph Haydn, mai tsara kiɗa ɗan ƙasar Austriya na ƙarni na 18. Rukunin Amadeus ya yi shekara 40 yana zaga duniya, daga 1947 zuwa 1987, ba a sauya ko mutum ɗaya ba, sai da mai biyola Peter Schidlof ya rasu suka watse. Mai son irin wannan ɗorewa sai ya iya hidimar tafiya kamar yadda ya iya kiɗa.

Tikitin jirgi biyar ake saya, na biyar ɗin na celo ne. A kira kamfanin jirgin a kama masa kujerar gefen taga, ban da layin ƙofar gaggawa, a kuma karɓi tabbaci a rubuce. Kada a yarda a tura shi cikin kaya: sanyi da jifa na tsaga katako. Biyolin da biyola suna shiga ma'ajiyar saman kujera.

Sai takardu. Tsofaffin bakunan goga tsirkiya da yawa suna da hauren giwa a kai ko ƙoƙon kunkuru a mariƙi, kuma yarjejeniyar CITES, mai kare dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, ta hana ƙetare iyaka da su ba izini. Akwai takardar shaidar kayan kiɗa mai aiki shekara uku. A nema da wuri, domin kwastan na iya ƙwace bakan. Mafi sauƙi a bar tsohon a gida a ɗauki na zamani. Bizar aiki ta Amurka kuwa tana cin watanni.

Katako na son laimar iska tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. Iskar jirgi da ta ɗakin otal a lokacin sanyi busasshiya ce, sai makunnan ɗaurin tsirkiya su saki, manne ya buɗe, sauti ya yi kaushi. A sa ɗan abin riƙe laima da ma'auni cikin akwatin. Babban kuskure shi ne sassauta tsirkiyoyi huɗun gaba ɗaya kafin tafiya. Nauyinsu a kan jaki, wato katakon da ke ɗage tsirkiyoyin, shi ke riƙe ɗan itacen da ke tsaye a cikin gogen. In ya faɗi, sai an nemo maƙerin goge a garin da ba a sani ba. Kowa ya riƙe ƙaro da tsirkiyoyin canji waɗanda aka riga aka miƙar, domin sabuwa tana kwanaki kafin ta zauna.

Wajen saiti ne ake gane ƙwararru. Da farko a yi ittifaƙi kan muryar A, wadda ake saita sauran tsirkiyoyi da ita, ko kaɗawa 440 ko 442 a daƙiƙa, kowa ya karɓa daga celo. Daga nan mai celo da mai biyola suna sauka zuwa sauran tsirkiyoyinsu, D, G, C. In suka bar kowace tazara a buɗe yadda kunne ke so, C ɗinsu za ta faɗi ƙasa har ta yi faɗa da tsirkiyar E ta biyolin. Maganinsa su ɗan matse kowace tazara, sannan su gwada C da E tare har gurnanin ya lafa. Wannan minti biyun bai kamata a yi rowarsa ba.

A isa zauren da rana a samu ko awa ɗaya. Mutum ɗaya ya sauka ya zauna a layin baya, sauran su yi kiɗa. In zauren na da amo sosai, a rage sauri a gajarta jan baka. In busasshe ne, a tsawaita. Biyola ce ta fi ɓacewa idan tana zaune a gefen dama, domin fuskarta na kallon bango, sai mai ita ya ɗan juyo da kujera wajen jama'a. Mai celo kuma ya duba daɓen: in mai santsi ne, ya ɗaure madogarin ƙarfensa da igiya a ƙafar kujera.